Gyara da tiya

Hutun damina na bara na sauka Gagamari da jaka biyu. Ɗaya ta tufafi ce da takardu. Ɗayar kuwa ban yarda yaron mota ya ɗora ta saman kar ba, a kan cinyata ta yi tafiyar nan tun daga Yamai, fiye da kilomita 1,300, saboda abin da ke cikinta. Wata baƙar roba ce mai murfi, girmanta kamar ƙaramin bokiti, an manna mata hoton wani ƙato wanda damtsensa ya fi cinyata kauri. Jika 25 na ƙirga kafin a miƙo mini ita. Duk wanda yake rayuwa da bursi ya san abin da jika 25 take nufi.

Inna ce ta fara ganinta, lokacin da nake fito da tsaraba.

"Wannan fa, maganin mene ne?"

"Ba magani ba ne, Inna."

"To mene ne?"

Na buɗe baki na rasa kalma. Shekara uku ina karatun kimiyyar harshe, na iya zana bishiyar jimla har ta cika allo, na iya yi maka bayanin karin sauti har ka gaji, amma na kasa gaya wa mahaifiyata da Hausa abin da na sayo. Da ƙyar na ce, "Ƙarin abinci ne." Ta dube ni, ta dubi ƙaton da ke jikin robar, ta ce, "Ashe ba ka ƙoshi a can." Ta tashi ta ɗora tukunya.

Tun ina firamare ni siriri ne. Sillen kara ake ce mini a unguwa, kuma sunan ya bi ni har lise a Diffa. A shekarata ta biyu a jami'a na fara zuwa bayan ɗakunan kwananmu, inda samari suka haɗa wurin ɗaga ƙarfe a gindin wani dogon yaro: gwangwanayen madara cike da siminti, an soka musu rodi, da tsofaffin ƙarafan birkin mota, da benci guda mai ƙafa uku da bulo. Wata huɗu na farko ban sha komai ba sai ruwan famfo, kuma na ga canji. Abin da nake ɗagawa sau biyar ina nishi na koma ɗaga shi sau goma sha biyu. Riga ta fara kama ni a kafaɗa. Daga nan sai abin ya tsaya cak, kamar yadda yake tsaya wa kowa, kuma daidai lokacin ne wayata ta cika da bidiyon ƙarti a TikTok da Facebook, kowanne yana girgiza gora yana kurɓa. Mai shagon da na je ya ce mini wata guda kawai zan yi in ga abin mamaki. Ban tambaye shi abin da ke ciki ba. Farashi kawai na taya.

Tambayar Inna ce ta sa na zauna na karanta jikin robar da kyau a karon farko, sannan na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tunda bin kalma ita ce kaɗai sana'ar da na iya.

A wurin ɗaga ƙarfe muna cewa "maganin ƙarfi", ko da yake in ka faɗi haka a tasha wani teburin daban za a nuna maka. Ku duba faɗin kalmar magani a Hausa. Ƙwayar zazzaɓi magani ce. Laya magani ce, guru magani ne, tauri magani ne. Magani shi ne abin da za ka haɗiya ko ka ɗaura, ka koma gefe ka jira ya yi maka aiki. Ranar da muka sa wannan gari a cikin kwandon magani, mun ɗora masa duk tsammanin da ɗan kokowa yake ɗora wa layun da ke damtsensa. Shi kuwa abin da aka rubuta da Faransanci, supplément, daga wata kalmar Latin ya fito mai ma'anar cikawa, wato ƙarasa abin da ya rage kaɗan ya cika. Na daɗe ina neman takwararta a Hausa, kuma ban same ta a ƙamus ba, a kasuwa na same ta. Ka je wurin mai awo, ya cika maka tiya da gero har ta yi tozo, ya juye a buhunka, sai ka ce, "Malam, a yi mini gyara." Ya ɗebo ɗan tafi guda ya watsa a kai. Wannan shi ne supplément. Ban taɓa ganin wanda ya tafi kasuwa da buhu don ya sayo gyara kaɗai ba.

Abin da ke cikin robata furotin ne, irin wanda ake kira whey. Ita kalmar furotin a 1838 ta shigo bakin masana, daga Girkanci, kuma ma'anarta "na farko", don suna ganin shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke gina jiki. Whey kuma ba wani sirri ba ne. Ruwan da ke tsiyayewa ne idan madara ta kama ana yin cuku. A kamfanonin Turai da Amurka, lita 10 ta madara tana ba da cuku wajen kilo 1, sauran kusan lita 9 wannan ruwan ne, kuma an daɗe ana zubar da shi ko a ba dabbobi kafin a gano yadda za a tace shi a busar ya zama gari.

Da na yi wa Kawu wannan bayani, yana zaune kan buhun tattasai yana gyara igiyar awo, sai da ya yi dariya har ya ajiye igiyar.

"Wato ɗana, ruwan cuku ka saya jika 25?"

"An tace shi, Kawu. An busar."

"To madalla. In ka koma ka gaya musu akwai shi a rugar bayan gari, kyauta."

A yi wa robar adalci, maganar Kawu ba ta cika daidai ba. Furotin da ke cikin ɗanyen ruwan cuku bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sai ka shanye wajen lita 3 kafin ka sami abin da ludayi guda na garin yake ba ka, wato giram 24 ko kusa da haka. Kuma furotin ne mai kyau, jiki yana karɓarsa da sauri. Ba ƙarya aka sayar mini ba. Abinci ne, ɗan madara, an matse shi an sa masa ƙanshin cakulan.

Sai tambaya ta gaba: nawa jiki yake bukata? Mutumin da ba ya wani motsa jiki na musamman, kusan giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a rana. Mai ɗaga ƙarfe yana bukatar fiye da haka. A 2018 wasu masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka tattara bincike 49 da aka yi a kan mutum 1,863 masu ɗaga ƙarfe. Suka ga cewa ƙarin furotin yana taimakawa, amma amfanin yana tsayawa idan mutum ya kai wajen giram 1.6 a kowane kilo a rana, duk abin da ya ci a haɗe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne girman taimakon: a matsakaici, waɗanda suka sha ƙarin sun fi waɗanda ba su sha ba da kusan giram 300 na tsoka. Giram 300, ƴan uwa. Ko rabin kilo bai kai ba. Sauran duk ƙarfen ne ya yi shi, da tuwo, da barci.

Nauyina kilo 62 ne a lokacin. In ka ninka da 1.6 za ka sami kusan giram 100 a rana. Na ɗauki biro na lissafa abin da Inna ta ba ni a wuni guda na hutun nan, ba tare da ta san ana yi mata jarrabawa ba. Da safe kunu da ƙosai. Da rana fura da nono, nonon ya kai rabin lita, wajen giram 16 ke nan. Shinkafa da wake da la'asar, shi wake busasshe yana da kusan giram 23 a kowane giram 100. Da dare tuwon gero, gero yana da wajen giram 11 a cikin 100, da miyar kuka wadda aka marmasa mata busasshen kifi, wanda fiye da rabin nauyinsa furotin ne. Ban ma sa ƙuli-ƙulin da nake ta tauna tsakani ba, shi da aka matse wa mai ya bar kusan giram 40 a cikin 100, ban sa ƙwai ba mai giram 6 kowanne. Na wuce 100 tun kafin in zo kan tuwon dare. Kuma haɗin hatsi da wake da iyayenmu suke yi ba tare da sun karanta komai ba, shi ne daidai abin da littafi ya ce a yi, don abin da gero ya gaza da shi wake yana da shi.

Wato a gidanmu, a watan nan, robar ba ta da aikin yi. A Yamai ne take da ɗan aiki, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Abin da aljihun ɗalibi yake iya saya kullum shinkafa ce da taliya da garin rogo da burodi. Ciki yana cika, furotin ba ya kaiwa. Ba ka da firji, ba ka da lokacin dafa wake tsakanin darasin ƙarfe 8 da na ƙarfe 3. A irin wannan hali ludayi guda a cikin gora yana toshe rami na gaske. Sai dai da na raba jika 25 da ludayi 33 da ke cikin robar, na ga kowane ludayi ya haura sefa 750. Da wannan kuɗin mai shayi zai soya mini ƙwai huɗu, furotin ɗin ɗaya ne, har in karɓi canji. Awara da fara da ƙuli-ƙuli sun fi haka araha.

Akwai gari guda da na yarda ya wuce a yi masa dariya, shi ne kiriyatin. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Chevreul, ya ciro shi daga nama a 1832, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci ta nama. Jikinmu yana yin wajen giram 1 nasa a rana, sauran daga nama da kifi muke samu, kuma kusan duka a tsoka yake zama. Aikinsa shi ne mayar wa tsoka da makamashi cikin gaggawa a ƴan daƙiƙun nan da kake yunƙuri da iya ƙarfinka, kamar ɗaga nauyi ko gudun mita 100 ko ɗaukar abokin kokowa. Bayan wasannin Olamfik na Basalona a 1992 ya yi suna, kuma yana cikin abubuwan da aka fi yi wa bincike. Giram 3 zuwa 5 a rana ake sha. Kafin ka sami giram 5 daga abinci sai ka cinye nama kusan kilo guda, abin da ko a Babbar Salla ba kowa ke yi ba. Nan kam gyaran yana ba ka abin da tiya ba ta bayarwa cikin sauƙi. Amma me yake ƙara maka? Ɗagawa ɗaya ko biyu a kan wadda ka saba, waɗanda in sun taru wata da watanni za su zama ƙarfi. Kilo 1 ko 2 da za ka gani a sikeli a makonnin farko yawanci ruwa ne tsoka ta riƙe. Wanda ya sha ya kwanta, fitsari mai tsada kawai ya saya. Mai ciwon ƙoda kuma ya fara ganin likita tukuna.

Da a nan maganar ta tsaya, da asarar kuɗi ce kawai. Matsalar ita ce yawancin samarinmu ba su da jika 25, kuma kasuwa ba ta barin mai ƙaramin kuɗi ya koma hannu rabbana. Akwai wani da muke ɗaga ƙarfe tare, ɗan shekarar farko, wanda ya fi ni gaggawa. A teburin mai magani na bakin titi ya sayi ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe. Cikin mako uku kumatunsa suka cika, wuyansa ya yi kauri, muna ta yi masa kirari. Ni ma na tafa masa, Allah ya yafe mini. Sai muka lura ƙarfen da yake ɗagawa raguwa yake yi. Cikinsa ya fito, ƙafafunsa suka sirance, ƙuraje suka feso masa. Da ya je asibiti aka ce masa abin da yake sha dekizametazon ne haɗe da wata ƙwaya mai buɗe ciki da sa barci. Shi dekizametazon magani ne na gaske, likitoci suna ba da shi don kumburi da asma da wasu cututtuka, amma in an daɗe ana sha yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana haura sukarin jini, yana raunana ƙashi, kuma yana cinye tsoka. Ainihin abin da yaron nan yake nema shi ƙwayar take ci. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai da aka yi ta rage masa kaɗan-kaɗan. Na tramol ba sai na faɗa muku ba, kowa a cikinmu ya san wani.

Kada kuma mai roba ya yi wa mai ƙwaya dariya. Tsakanin 2000 da 2001 wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus, da tallafin kwamitin Olamfik na duniya, ya sayi irin waɗannan kayan ƙari guda 634 daga ƙasashe 13 ya auna su. Guda 94 suna ɗauke da sinadaran hormon masu kumbura tsoka waɗanda ba a rubuta a jikinsu ba. A Amurka, inda yawancin robobin nan suke cewa daga can suka fito, dokar 1994 ba ta tilasta a gwada kayan ƙari kafin a fara sayar da su kamar yadda ake yi wa magani ba. In haka abin yake a can, to robar da ta ratso iyaka uku a bayan mota, ta sha ranar Afrilu a kan kanta, ba rasit ba lambar da za ka bincika, sai dai ka ce bismillah.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na rubuta wannan, wanda na yi ta kewaye-kewaye don kada in iso gare shi.

Ina da shekara 12 a watan Nuwamba na 2014 lokacin da aka kai wa Damasak hari, mutane dubbai suka tsallako Komadugu suka sauka a garinmu. Wasu da iyo suka haye. Na tuna filin da muke buga ƙwallo ya koma bukkokin zana da leda cikin kwana biyu. A watan Fabrairu na 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai, abubuwa biyun da duk kwarin nan yake ci da su. A waɗannan shekarun ne na fara ganin ƴar fakitin nan mai ja da fari a hannun yara. Plumpy'Nut sunanta, mu dai abincin tamowa muke ce mata. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1996: gyaɗa niƙaƙƙiya, garin madara, sukari, mai, da bitamin. Giram 92 ce, tana ba da kalori 500, ba ta bukatar ruwa ko wuta. A yunwar 2005 ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma wannan fakitin ce ta sa aka iya yi wa yawancinsu jinya a gida. Katan guda mai fakiti 150 shi ne kusan abin da yaro ɗaya yake bukata, cikin mako 6 zuwa 8, ya dawo daga bakin kabari. Na ga yaran da ta tayar da idona. In ana neman ƙarin abincin da ya cika sunansa, ita ce.

A 2019, ina lise, ina da shekara 17, na gaji da sunan sillen kara. Wani abokina ya ce mini ai abincin tamowa yana sa ƙiba, kuma ana samunsa a kasuwa in ka san wanda za ka tambaya. Gaskiya ne, ana samu. Na yi wata biyu ina sayen fakiti biyu ko uku a mako, in ɓoye a jakar lakwal, in matse a baki bayan na gama tsallen igiya. Daɗi gare ta, kamar tunkuza da sukari. Yawanci wurin wani mai tebur nake saya, ban taɓa tambayar inda yake samowa ba. Wata rana ba ya nan, sai wata mata da ke tsaye gefe, da goyo, ta kira ni a hankali.

"Ɗana, abin nan kake nema?"

Ta kwance bakin zane ta fito da guda biyu. Na ba ta kuɗi. Tana juyawa na ga yaron da ke bayanta: gashinsa ja-ja, a tsaitsaye, wuyansa ya kasa riƙe kansa, a hannunsa akwai ɗan zoben roba irin wanda ake sa wa yaran da ke karɓar magani. Na bi ta da ido. Wurin mai awo ta nufa, ta sayi gero.

Ban ga laifinta ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Wataƙila akwai wasu yara huɗu a bukka da ba su rame isasshiyar ramar da za a rubuta sunansu ba, kuma fakiti biyu ba sa raba wa mutum shida, gero kuwa yana yi. Lissafinta ta yi, irin wanda ba na fatan Allah ya sa ni in yi. Nawa lissafin ne ba shi da kai. Furotin da ke cikin fakitin wajen giram 13 ne, ƙwai biyu ke nan. Abin da na saya don riga ta kama ni a kafaɗa, shi ne abincin yinin yaron nan. Na shanye su duka biyun a ranar, kada ku ɗauka na mayar mata. Ban dai sake saya ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau da nake rubuta shi a takardar da za a yi wa fotokwafi.

Shi ya sa in na ji muna gardama a gindin dogon yaro kan wace roba ta fi wace, wani abu yakan tokare ni. Ba ina cewa ɗaga ƙarfe wasan banza ba ne. Ni ya yi mini rana: ina barci da kyau, na daina jin kunyar tsayawa gaban aji, kuma a shekarun da samarin yankinmu da yawa suka rasa gona da kogi da babur, na san waɗanda ƙarfen siminti ne ya hana su zama a majalisar ƴan ƙwaya. Ba kuma ina cewa abincin gargajiya ya fi komai ba, irin maganar da tsofaffi ke so. Gyaɗar da ta yi funfuna tana da gubar da ke lalata hanta, kifin da aka zuba wa maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa shi ma ba lafiya ba ne. Kuma lissafin da na yi na abincin Inna lissafin gidan da Allah ya rufa wa asiri ne, a shekarar da kifi ya dawo kasuwa. Gida uku daga namu, lissafin ba zai kai rabi ba.

A ƙarshen Disamba na 2022 aka kawo gasar kokowa ta takobin ƙasa Diffa, karo na 43 tun wadda aka fara a Tawa a 1975. Ni da Kawu muka je. Issaka Issaka na Doso ne ya ɗauki takobin. Ban san abin da ƴan kokowar nan suke ci ko suke sha a ɗakunansu ba, ba zan ƙaga musu ba. Abin da na lura da shi kawai, layu sun cika damatsa da ƙugu, kowa da nasa, amma wanda ya fi ƙafa da dabara da numfashi shi yake kayarwa. Na faɗa wa Kawu haka a hanyar dawowa, ina jin na yi magana mai hikima. Ya ce, "To ai kai ma layarka ce za ka saya wata rana, ta Turawa." Wata shida bayan nan na sauka da robar.

Shi Kawu shekara talatin ya yi yana ɗora buhunan tattasai a mota, bai taɓa jin kalmar furotin ba, kuma har yanzu in ya riƙe hannunka sai ka ce wayyo. Sai dai bayansa ya lalace, ba ya iya ruku'u sai a kan kujera. Da na nuna masa yadda ake durƙusawa a ɗauki nauyi da ƙafa maimakon baya, wanda shi ne abu mafi amfani da na koya a wurin ɗaga ƙarfe kuma ban biya ko dala ba, ya yi shiru, ya ce da an gaya masa tun yana saurayi.

Robar na shanye ta, tunda na riga na biya. Ƙanena mai shekara 14 ya yi ta bina in ɗanɗana masa, na ba shi ludayi guda, ya ce kamar kunun da aka manta ba a sa wa tsamiya ba. Da ta ƙare Inna ta wanke ta da toka, ta shanya, ta ce murfinta yana kamawa da kyau. Ranar da zan koma ta cika ta da ƙuli-ƙuli, ta danna busasshen kifi a sama cikin leda, ta ɗaure murfin da tsumma. Haka na shiga da ita ɗakinmu a Yamai, ƙaton yana nan a jikinta yana murtuke fuska. Abokin ɗakina ya gan ta a kan tebur, ya ce, "Kai, ka sake sayo wata? Ɗan san mini ludayi ɗaya mana." Na ce ya buɗe ya ɗiba.